Dare ɗaya mabiyana suka zama na wani

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran abokan aikinka, don Allah a sam min ɗan fili in amayar da abin da ke cina. Ni ba marubuci ba ne, mai kiwon kaji ne, don haka in an ga zancen ya yi gabas ya yi yamma a yi min uzuri, a waya nake dannawa.

Abin da ya tayar da maganar, ɗan yayata ne ya same ni ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Yaro ne ya gama NCE shekara biyu ke nan ba aiki, amma Alhamdulillahi yana da hannu, ya iya haɗa sola ya iya wayarin ɗin gida, har magina na nemansa. Ya ce Kawu so nake ka ranta min dubu 40. Na ce ta me? Wai zai sayi fitilar nan mai zagaye da 'yan TikTok ke haska fuska da ita, da ɗan makirfon na maƙalawa a wuyan riga, canjin kuma akwai wani da ya ce zai turo masa mabiya dubu 5. Na ce to in mabiyan sun zo me za ka ce musu? Sai ya hau sosa ƙeya, can ya ce ai Kawu in dai ka tara jama'a abin faɗa ba ya wuya. Ban ga laifinsa ba wallahi, don yanzu duk inda ka juya huɗubar ke nan, a taron matasa, a rediyo, har a jaridu, kowa cewa yake ku buɗe shafi, ku yi suna a midiya, kuɗi na cikin waya. Kuma ba ƙarya ba ne, ni kaina na ci abinci da abin kuma ina kan ci. Amma akwai ɓangaren da ba a gaya musu, ni kuwa sai da na sha wuya na gane shi.

Mu 'yan zamanin 2go ne, manhajar hira ta waya ta shekarun baya, wanda ya sani ya sani, hira kawai ake yi har a raba dare ba ciniki ba komai. Kiwo na fara shi a 2015 da katan ɗaya na 'yan tsakin buroila, guda 50, irin waɗanda ake ɗorowa mota daga Ibadan su kwana a hanya su iso a galabaice. Ban san komai ba, wani ya ce min ai kawai abinci da ruwa ne. Cikin sati na uku cutar kaji ta Gumboro ta shigo, da safe in na buɗe ɗaki sai in tarar sun takure sun saki fukafukai, kashi fari kamar an zuba koko, kafin sati ya zagayo na binne fiye da rabi. Takaici ne ya sa na ɗauki hoton ɗakin na rubuta abin da ya faru tiryan-tiryan a shafina na sada zumunta, har da wautar da na yi ta ƙin yin rigakafi don ina ganin kuɗin ya yi yawa. Malam Edita wannan rubutun na asara shi ya fara tara min mutane. Hotunan da nake sawa ina tsaye jikin motar wani da babbar riga ba wanda ya taɓa ce min ko sannu, amma ranar nan sai ga kwament ta ko'ina, wannan ya ce nima haka ta same ni, wancan ya ce rana ta nawa ya kamata a ba su, wata ta ce don Allah in ka sake zubawa ka riƙa gaya mana.

To sai na riƙa gaya musu. Kullum abu ɗaya, kaji. Yadda nake dumama ɗaki da gawayi a satin farko, yadda zafin watan Maris da Afrilu ke kashe buroila in ta yi nauyi, buhu nawa katan ɗaya ke ci kafin sati shida zuwa takwas, ranar da na ci riba in faɗa ranar da na faɗi in faɗa. Ba na siyasa ba na ƙwallo, ba don ba ni da ra'ayi ba, ina da shi har ya yi min yawa, amma na lura wanda ya zo neman maganin murar kaji in ya tarar kana zagin ɗan takararsa ya tafi ke nan. Da daddare in na rufe kaji sai in zauna in bi tambayoyi ɗaya bayan ɗaya ina amsawa, wani lokacin har uwargida ta ce wai ni da wayar nan wa aka fara aurowa. A hankali a hankali mutane suka fara cewa to ka sayo mana tsakin mana tunda ka san masu kyau, daga nan na zama dila, ina haɗa oda ina karɓar kuɗi ina rabawa in mota ta iso. Shekara bakwai ina wannan, mabiya suka haura dubu 20, ban sayi ko ɗaya ba.

Ranar da abin zai faru ina tsakiyar ba da Lasota ne, rigakafin da ake ba kaji a ruwan sha. Wanda ke kiwo ya san yadda take, tun da asuba ka janye musu ruwa su ji ƙishi, kwalbar na cikin ƙanƙara a kula, ka fasa ta cikin ruwan rijiya da ɗan garin madara, kuma so ake su shanye da wuri kafin ta lalace, ba lokacin tsayawa dogon tunani ba ne. Waya ta yi ƙara na maƙale ta a kafaɗa. Murya ce ta dattako, sallama cikakkiya, ya kira ni da sunan da aka san ni da shi, ya ce daga ƙungiyar masu kiwon kaji ne, za a yi taro ta waya da yamma kan tallafin abincin kaji, an sa sunana cikin waɗanda za su yi magana, yanzu za ka ga lambobi shida sun shigo maka, karanto min in sa ka a layi. Kai jama'a. Ni da nake gargaɗin mutane kan 'yan damfara, hannuna jiƙe da ruwan magani, na duba na karanto masa tsaf, har da ce masa Allah ya saka da alheri.

Kafin la'asar an fitar da ni daga shafina. Ba sai na kama sunan dandalin ba don laifin ba nasu ba ne, ni na miƙa mukulli da hannuna. Da na je neman dawo da shi sai aka ce za a tura saƙo ta imel, imel ɗin kuwa wani yaro ne ya buɗe min a kafe tun shekarun baya, ban san lambar sirrinsa ba, layin da aka haɗa shi da shi ma ya daɗe da ɓacewa. Matakin tsaro na biyu, wato ƙarin makulli bayan lambar sirri, da ake ta cewa a kunna ban taɓa kunnawa ba, kullum sai in ce gobe.

Ɓarawon kuma bai canza komai ba, nan ne muguntar take. Hotona na nan, sunana na nan, har irin yadda nake buɗe rubutu da Bismillah ya kwaikwaya. Ya rubuta cewa tsaki sun iso an samu ragi, saura katan 12, mai so ya tura kuɗi wannan akawun ɗin. Mutane kuma suka tura, don me ba za su tura ba, shekara nawa suna tura min ban taɓa cin na kowa ba. Kwana uku bayan nan wata baiwar Allah ta yi sallama a ƙofar gidana da ɗanta matashi, mijinta ya rasu, kuɗin adashinta ne ta ɗauka ta tura na katan biyu. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta yi masifa da ya fi min sauƙi. Yaron ne ya miƙo min waya yana nuna min rasit, ita kuma ta ce Alhaji ni dai saboda kai na tura. Na shiga gida na daɗe zaune bakin gado. Ba ni na ci ba amma da sunana aka ci, don haka da mota ta gaba ta zo na cire katan biyu na ba ta. Sauran wasu sun yafe wasu har gobe ba ma gaisawa.

Abu biyu ne suka tsamo ni, kuma duk biyun da raini nake kallonsu a da. Na farko wani littafi mai bangon kwali da nake rubuta sunan duk wanda ya taɓa sayen tsaki a hannuna da lambarsa da garinsu, uwargida ce ta matsa min na fara shi saboda rigimar bashi. Daren nan ni da ita da ƙanena muka raba shafuka muka yi ta kira har katin ya ƙare, kar ku tura kuɗi, ba ni ba ne. Mutum 400 da 'yan kai ne a littafin, su ne nawa na gaskiya, dubu 20 ɗin nan ashe lamba ce kawai nake kallo a fuskar waya, ba ni da hanyar da zan isa ga ko mutum ɗaya cikinsu in ba ta ƙofar da aka rufe min ba.

Na biyu kuma bulog, wato shafin zuba rubutu na kanka a intanet. Ƙanen nan nawa tun yana makaranta ya buɗe min a Blogger, kyauta ne, ya ce Yaya duk dogon rubutun da ka yi ka riƙa kwafa kana zubawa a nan. Ina yi ina mita don ba layik ba kwament, kamar ka yi magana a cikin rijiya. Ashe rubutu kusan 90 na tara a wurin. Da shafi ya tafi da komai nasa, hotuna da bidiyo da amsoshin da na kwana ina rubutawa, waɗannan suna nan ko wasali bai ɓace ba. Kuma sai daga baya na fahimci wani abu, rubutun dandalin sada zumunta kwana biyu ne ransa, yau ana ta yayinsa jibi ya nutse ko kai mai shi sai ka sha wahala ka tono shi. Na bulog kuwa mutum ne zai shiga Google da tsakar dare kajinsa na mutuwa ya rubuta yadda ake ba kaji Lasota, sai ya faɗo kan abin da na rubuta shekara biyar baya, ya ga lambata ya kira. Na samu kira daga Maraɗi, na samu daga wani Bahaushe a Kumasi. Ba don na fi kowa sani ba, likitocin dabbobi sun fi ni nesa ba kusa ba, dalili kawai shi ne rubutun Hausa a intanet kan irin waɗannan abubuwa bai da yawa, fili ne fetal ba kowa, mu kuma duk mun tattaru a wuri ɗaya muna faɗa kan wace 'yar fim ce ta fito daga gidan miji. Wata 'yar dabara ma da na koya, mutanenmu ba sa sa ƙugiya in suna nema, kwai za su rubuta ba ƙwai ba, don haka nakan sa duka biyun a cikin rubutu.

Kada wani ya ce ai kai ka yi sakaci, wanda ya kunna tsaro ba ruwansa. To a tuna 2021. Ranar 5 ga Yuni gwamnati ta rufe Twitter bayan sun goge wani saƙo na marigayi Shugaba Buhari, ba a buɗe ba sai 13 ga Janairun 2022, wata bakwai, masu sayar da kaya a can wane sakaci suka yi? A farkon Satumbar shekarar aka katse mana sabis gaba ɗaya a Zamfara saboda matsalar tsaro, ga kasuwannin mako-mako an rufe, mutane na shiga mota su bar jiha don kawai su buga waya su ga alat. Ranar 4 ga Oktoba kuma Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke a duniya baki ɗaya wajen awa shida. Wannan na ɗan lokaci ne ma. BBM, manhajar hira ta wayar BlackBerry da ake ta yanga da fin ɗinsa, an rufe shi a 2019, dandalin Google+ ma a shekarar ya tafi, Yahoo Groups inda 'yan bokonmu na farko suka yi ta muhawara kan adabi da finafinan Hausa an rufe a Disambar 2020, OkadaBooks da marubutanmu mata da yawa ke sayar da littattafansu a ciki ya rufe a ƙarshen Nuwamban 2023. Duk rumfunan haya ne, ran da mai kasuwa ya ce a tashi ba wanda zai tsaya jin cewa kai ka yi shekara goma a nan. Zanen aro dai ba ya rufe katara. Eh na sani Blogger ɗin ma na Google ne, shi ya sa yanzu na sayi adireshi da sunan sana'ata mai ƙarewa da .com.ng ina sabuntawa duk shekara, kuma duk rubutun da na yi akwai kwafinsa a memori da kuma imel ɗin da ni na buɗe da hannuna wannan karon.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ke ruɗar yaran. Ɗan yayata gani yake da ka tara mabiya sai dala ta fara zuba. YouTube ba za su fara raba kuɗin talla da kai ba sai kana da mutum 1,000 da suka yi rajista da tasharka da awa 4,000 na kallo cikin wata 12 ko kallo miliyan 10 na gajerun bidiyo cikin kwana 90, in ka samu shiga sai ka tara dala 10 su aiko maka da lambar tantancewa a takarda ta gidan waya, ka yi ta sintiri kana tambaya ko ta iso, sannan ba za ka ga ko sisi ba sai ta cika dala 100. Kuma tallan da ake nuna wa mai kallo a Gusau ba kuɗinsa ɗaya da wanda ake nuna wa na Amurka ba. Facebook sun buɗe wa 'yan Najeriya nasu tsarin biyan a 2024, tun daga lokacin kuma kowa ya ga yadda abin ya koma, tunda yawan kallo ake biya sai aka shiga neman kallo ko ta halin ƙaƙa, kowane rubutu YANZU-YANZU, kowane hoto Innalillahi, a kashe mutum yana zaune yana shan shayi, a haɗa malamai faɗa, mata da miji su shirya rigimar ƙarya. Ga data ta ƙara tsada tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a Janairun 2025. Wasu na samu, ban musa ba, amma a kan kowane ɗaya da ya samu Allah kaɗai ya san nawa ne suka ƙona data suka zubar da mutunci suka tashi a tutar babu. Ga kuma sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, ko da gyaran da aka yi mata a 2024 har yanzu ana kwana a sel saboda rubutu. Sikirinshot kuma ba ya mutuwa, yanzu ko aure ka je nema sai ƙannen yarinya sun bi shafinka sun tono abin da ka rubuta kana ɗan shekara 19.

Ni dai kuɗin talla duk tsawon shekarun nan bai saya min buhun abincin kaji goma ba. Abin da intanet ta ba ni shi ne mutumin da bai taɓa ganina ba ya yarda ya turo min kuɗin katan biyar, shi ke nan, kuma shi ɓarawon nan ya sata ya sayar. Mabiyan da ake saye kuwa ba sa sayen tsaki, ba sa kiran mai sola, galibinsu ma ba mutane ba ne.

Sabon shafin da na buɗe yanzu bai kai rabin na da ba, kuma ban damu ba kamar da. Ina sa gajeren bayani da hoto a can, in ce mai son cikakke ya bi ta nan, in jawo shi zuwa nawa wurin, wanda ya saya kuma ya shiga littafi, yanzu muna kan na uku. A saman kowane shafi na rubuta da manyan baƙaƙe cewa akawun ɗina ɗaya ne kuma da sunana yake, duk wanda ya ga wani daban ya kira ni kafin ya tura.

Roƙona gare ku Malam Edita, tunda kuna da masu karatu matasa, in za a kawo labarin wanda ya yi suna a midiya a riƙa tambayarsa abubuwan da ke ƙasa, shekara nawa ya yi kafin ya ga kwabo, sau nawa aka rufe masa shafi, ina yake ajiye kayansa. Kuma da za ku ware ko rabin shafi ne duk sati wani masani ya riƙa koya wa mutane da Hausa yadda ake kunna matakin tsaro na biyu da yadda ake buɗe bulog da sauke kwafin abin da mutum ya tara, wallahi da kun taimaki masu ɗinki da masu turaren wuta da masu gyaran waya da yawa, musamman mata da ke sana'a daga cikin gida waɗanda duk jarinsu na rataye da lamba ɗaya.

Shi kuwa ɗan yayata ban ba shi dubu 40 ba. Na ce ya je ya rubuta min abu 20 da kwastomominsa ke yawan tambayarsa, me ya sa batir ke mutuwa da wuri, fanel nawa ke ɗaukar firiza, wace wayar wuta ce ke zafi in an ɗora mata kaya, ya amsa kowanne da sunansa na yanka ba wani Prince kaza ba, ran da ya cika 20 ni zan saya masa makirfon ɗin. Ƙanena ya buɗe masa wurin zubawa, imel ɗin kuma na tsaya a kansa sai da ya rubuta lambar sirrin a takarda ya kai wa uwarsa ajiya. Ya rubuta huɗu ya tsaya, wai ba data. Jiya na ji yana gaya wa yayata cewa wani daga Talatar Mafara ya kira shi kan na batir ɗin, amma ni bai gaya min ba, fitilar nan mai zagaye dai har yanzu tana ransa.

Na gode da wannan dama, Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naku,
Wani mai kiwon kaji,
Gusau, Jihar Zamfara.